Mai Hutar da Duwatsu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya amsa kira a farkon bazarar nan, jim kaɗan bayan an yanka mana Jihar Neja. Ina rubuta wannan ne don na ga yadda ake manta mutum a hankali, har a wayi gari ba abin da ya rage sai "Allah Ya jiƙan tsoho." Ba na so nasa ya ƙare a haka.

Ranar da aka kai shi, ƙofar gidanmu a Kontagora ta cika har bakin hanya. Ina kai ruwa zaure na ji limamin unguwa ya shafa addu'a ya ce, "To, yau dai ya zauna wuri ɗaya." Aka yi dariya, sannan aka ji kunyar dariyar. Duk wanda ya san Kaka ya san ba ya zama. Ko a masallaci, kafin a tayar da salla, sai ya bi bango da ido yana neman inda ya tsage.

Manoma sun zo daga Salka a bayan babbar mota. Wani ya ce, "Rumbun da ya gina mini tun Turawa ba su tafi ba, har yau ɓera bai san hanyarsa ba." Na kusa da shi ya ce, "Ni kuwa a gaban surukaina ya wanke ni tas saboda dutse. Allah Ya gafarta masa, har yau ina jin zafin abin." Ƙanen Kaka ma ya zo daga Dukku ta nan Neja, garinsu na asali. Kirista ne, Kakan Dukku muke ce masa. Ya zauna a gefen tabarma da hularsa a gwiwa, in an ɗaga hannu shi ya sunkuyar da kai. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Kullum sai ya riga ni. Ko zuwa rafi sai ya riga ni."

A cikin gida kuwa mata sun kewaye Goggo, babbar 'yar Kaka, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ba ta zauna an yi mata gaisuwa ba. Tana tsaye bakin murhu tana amsawa, muciya a hannu. Kowace ta shigo sai ta ce, "Sannu da haƙuri. Ke kam dutse ce." Wata ta ce, "Wallahi dutse, ko hawaye babu." Su yabo suke yi. Ni kuwa ban ɗauke shi yabo ba, don a gidanmu na tashi, na kuma san abin da mamacin yake faɗa a kan dutse.

Maginin rumbu ne. Daga wajen Dukku ya zo garin nan yana saurayi, ya musulunta, ya yi aure, ya zauna. Hausarsa ba ta taɓa rabuwa da bakin can ba: ya ce wa Innata "ka zo," ya ce wa Baffa "ki tafi." Na gyara masa ita a rubutun nan, ya yafe mini. Ni kuma Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In ya gan ni a lungu da littafi sai ya ce, "Amarya, wannan takardar taki ana tuƙa tuwo da ita? Ni fa zan mayar da ke gidanku." Ba na iya rama wasa. Sai in ɓoye fuska, shi kuma ya wuce, don bai taɓa tsayawa jiran amsa ba.

Ba ya ɗora rumbu a kan itace, saboda gara. Duwatsu yake kafawa su zama ƙafafu, ya gitta falalen dutse a kansu, sannan ya tayar da gini. Wasu magina ma suna haka. Abin da ya bambanta shi da su, wanda ya sa wasu ke ce masa taɓaɓɓe, shi ne yana hutar da duwatsun. In lokaci ya yi sai ya sa a kwashe hatsi, a tokare rumbun da gumagumai, a zare falalen tsakiya, a sa wani.

Yana da yadda yake gane lokacin. A ƙarƙashin babban rumbunmu ya ajiye wani mulmulallen dutsen rafi, kamar dunƙulen hannu, a kan ɗan faifan dutse da ya kafa don kada ƙasa ta nutse da shi. Tsakaninsa da falalen da ke sama akwai ɗan rata. Mai gadi yake ce masa. Bayan girbi, da kuma kafin ruwan fari, sai ya tura jika ya rarrafa ya juya shi. In ya juya, lafiya. In ya cije, falalen ya sauko. Ni ya fi turawa. Sauran suna tsoron kunama, sai su leƙa kawai su ce ya juya. Ni kuwa ba na iya cewa abu ya motsa in bai motsa ba.

Wata rana na fito da yanar gizo a kaina na tambaye shi, "Kaka, dutse yana lanƙwasa ne?"

Ya ce, "Ranar da ka ɗora masa kaya sai ya ɗan sunkuya, kamar jaki in an aza masa mangala. Wannan ba kome. Daga nan sai ya yi shiru shekara da shekaru, ki rantse ba ya motsi. Yana motsi. Gashin kanki ma kina ganin tsirowarsa? Sai wata shekara ki ga ya fara zubar da gari, kamar tsaki. To daga nan gudu yake yi. Abin da ya yi tun kina goye sai ya yi shi a damina ɗaya, don laima tana shiga tsagar da ido ba ya gani ta ci shi ta ciki."

Na ce, "Ai kayan bai ƙaru ba."

"Wa ya ce miki sai ya ƙaru? Daɗewa ce. Kayan da ya ɗauka jiya lafiya lau, shi zai kashe shi gobe."

Na tambaye shi ko in an hutar da shi yana miƙewa. Ya ce, "A'a. Abin da ya lanƙwasa ya lanƙwasa. Hutu ba ya mayar da tsoho yaro, karyewa kawai yake hanawa." Falalen da ya zare ba ya yarwa. Yana jera su a gindin ceɗiyar tsakar gida, su zama wurin zama. Shi kansa ban taɓa ganin ya zauna a kan ko ɗaya ba.

A kan wannan ya yi faɗa mafi girma da Baffa, yayan babana. Wata shekarar albarka ce, ana dab da gama cika rumbu da dawa ke nan, kafaɗun kowa a saɓe, sai mai gadi ya cije. Kaka ya ce a kwashe. Baffa ya jefar da damin da ke kansa ya ce, "Haba Baba! Dutse ne fa, ba jaki ba!"

Kaka ya ce, "Jaki ya fi shi sa'a. Jaki yana kuka."

Baffa ya shige ɗaki. Kaka ya kafa tsani ya fara fito da dammuna shi kaɗai, yana guna-guni da harshen Dukku. Goggo ta zo ganin gida daga Salka a lokacin. Ta ɗaure zane ta tsaya ƙasa tana karɓa. Sai da kunya ta fito da Baffa. Da aka zare falalen aka kife shi, babu ko tsaga. Baffa ya ce, "Ka gani?" Kaka ya ce, "Na gani. Shi ya sa na cire shi yanzu." Har ya rasu ba wanda ya yarda an kayar da shi a cikinsu.

Bakinsa kaifi, hannunsa taushi. Maƙwabciyarmu, wata gwauruwa mai zuwa coci, rumbunta ya kife a tsakiyar damina. Tun ba a gama tsince dawar daga laka ba Kaka ya sa aka ɗauko mata mafi kyawun falalensa. Ya gina mata sabo, bai karɓi ko goro ba, amma kullum yana ginin yana yi mata faɗa, har ta ce da ta sani da ta bar dawar a laka. Ita ce ta fi kowa kuka ranar rasuwar.

Abu ɗaya na taɓa kawo masa daga makaranta da ya tsayar da shi. Ina ajin farko a kwalejin horon malamai, malamarmu ta labarin ƙasa ta kai mu inda masu aikin hanya suka yanke wani tudu a bayan gari. Jikin dutsen layi-layi ne, kuma layukan sun naɗe kamar zanen da aka ninke aka danne a adaka. Da na ba Kaka labari ya ce ƙarya ne. Washegari shi ya tayar da ni mu je. Yana gaba ina baya, da ƙyar nake cim masa.

Ya daɗe yana shafa dutsen. Ya ja baya, ya dawo, ya ƙwanƙwasa.

"Wa ya ɗora wa wannan kaya?"

Na ce malama ta ce da can yana can ƙasa da nisa, duwatsu a kansa, duwatsu a gefensa, ga zafi, tun kafin a yi mutane.

"To don me nawa yake karyewa, wannan ya naɗe kamar tabarma?"

Na ce, yadda na fahimta, wanda aka matse ta ko'ina ba shi da inda zai tsage, sai ya bi a hankali. Na sarari kuwa, mai kaya a sama da fili a ƙasa, shi ke buɗewa.

Can ya ce, "Wato wanda aka rungume lanƙwasa yake yi. Wanda aka bari shi kaɗai shi ke karyewa." A hanyar komawa bai yi mini wasa ba ko sau ɗaya. Ya yi kwanaki yana zagaya rumbu yana magana shi kaɗai.

Ba a daɗe ba ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ba ya zama aka kwantar da shi. Hannunsa mai lafiya kaɗai ya ƙi, kullum yana shafa bango, yana tsinkar tabarma. Maganarsa ta koma guntu-guntu.

Goggo ta zo daga Salka da ƙullin kaya ɗaya, ta ce sai ya ɗan ji sauƙi. Mijinta ya rasu tuntuni, amma tana da ɗakinta a can, da sana'arta ta awon hatsi, da 'yarta mai ƙananan yara. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har muka daina tambayarta yaushe za ta koma. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke wanki. Gidan Kaka kuma shi ne masaukin duk yaran dangi da ke makaranta a gari, sai tukunyarsu ma ta koma hannunta. Ba wanda ya ɗora mata da gangan. Kowa ya zo ya aza nasa ɗan kaɗan ya tafi, ita kuma ba ta taɓa cewa wash ba.

Ga inda Kaka ya gaza, kuma zan faɗa don ina ƙaunarsa. Goggo 'yar fari ce. Kunyar ɗan fari da ya tarar a garin nan ya ɗauke ta ya riƙe fiye da masu ita. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallonta ido da ido ba. "Waccan" yake ce mata. In ta kawo abinci bango yake kallo. Mutumin da ke tayar da gida a kan gajiyar dutse bai iya buɗe baki ya ce wa 'yarsa ta zauna ba. Ina ganin idonsa yana bin bayanta in ta juya, hannun nan yana tsinkar tabarma da sauri.

Hutuna na ƙarshe kafin ya rasu, ya riƙo gefen mayafina. Ya daɗe yana kokawa da harshensa. "Amarya. Mai gadi. Ki duba." Na ce to. Bai sake ni ba. Ya juya ido wajen murhu. "Da waccan." Na ce to, na koma makaranta da maganar, ban san inda zan sa ta ba.

A kwanakin zaman makoki ban iya zama ba, kamar shi ya bar mini ƙafafunsa. In ɗauki littafi, in ajiye. In shiga ɗaki, in fito. Ga zafi, ga hadari yana haɗuwa a gabas kowace yamma yana watsewa. Tun da Kaka ya kwanta ba wanda ya leƙa ƙarƙashin rumbu, kuma bara an cika shi har wuya. Da na ga hankalin mutane ya tafi wajen baƙi, na zagaya na rarrafa. Na kama mai gadi na murɗa. Ko gezau. Na shafa cikin falalen, gari ya zubo mini a tafin hannu, mai ƙyalli, kamar tsaki.

Na fito na tsaya ina kallon Goggo. A kwanakin nan na ga ta zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya. Na ga ta tsaya da guga a bakin rijiya ta manta abin da ya kawo ta. Na ga hannunta yana rawa in ta ɗauki kofi, tana ɓoye shi a zane. Kuma na riga na ji Baffa da Baba suna shawara a zaure: bayan sadakar bakwai ba za a rufe gida ba, yara su ci gaba da zama, Baffa zai ƙaro nasa, Yaya, wato Goggo, ta riƙe gidan tunda ta saba. Ba mugunta a muryarsu. Sun ɗauka ma girmamawa ce.

Na je gaban Baba don in gaya masa, sai na ɓige da tambayarsa ko a kawo masa ruwa. Na koma, na sake tambayarsa ruwa. A ƙarshe Kakan Dukku na ja ta hannun riga zuwa bayan rumbu, na buɗe masa tafina, na gaya masa duk abin da yayansa ya ce.

Ya yi dariya har ya dafa rumbu, sannan ya goge ido da hula. "Kunyar aro! Ta fi ta gado nauyi. Kin gaya musu?"

"Ba zan iya ba, Kaka."

"Ni baƙo ne, gobe ina Dukku. Ke ya bar wa. Zan buɗe miki ƙofa, amma ke za ki shiga."

Bayan an watse daga sadaka, dangi suka taru a tsakar gida. Baffa ya gama bayaninsa, kowa yana gyaɗa kai. Goggo tana tsaye daga baya da tsintsiya. Sai Kakan Dukku ya ce, "Ku dakata. An raba kome ba a ji ta bakin amaryar mamaci ba."

Aka yi dariya, duk aka juyo. Na durƙusa. Na buɗe ƙullin da na ɗaure garin a ciki na ajiye a gaban Baffa. Muryata ba ta fi ta sauro ba. Na ce mai gadi ya cije, dutse yana zubar da gari, ga ruwa yana hanya.

Baffa ya murza garin da yatsa ya dafe kai. "Wayyo Baba. Ko a kabari ba za ka bar kafaɗunmu su huta ba." Aka sake dariya. Ya ce to, gobe a kwashe.

Da na tashi a nan da shi ke nan. Amma ban tashi ba. Na ce, "Ba shi kaɗai ya ce in duba ba. Ya ce in duba mai gadi, da waccan."

Ba wanda ya tambayi wace ce waccan. Tsintsiya ta tsaya.

Goggo ta ce, "Ke! Ni na ce muku na gaji? Wa na kai wa kuka? 'Yar nan, karatun ne ya koya miki sa baki a maganar manya?"

Ban ɗago ba. Baffa ne ya daɗe yana kallon yayarsa, kamar yau ya fara ganinta. Ya dubi garin da ke yatsansa. A hankali ya ce, "Yaya, ai dutsen ma bai ce ba."

Washegari aka kwashe rumbu. Babu inda za a zuba dawar sai a rarraba ta gidajen 'ya'yan Kaka, sai Baba ya ce tunda hatsi ya tafi, bakuna su bi shi. Kowane gida ya ɗauki yaran da zai iya. Aka tokare rumbun, maza suka zare falalen suka kife shi. A cikinsa ga tsaga siririya kamar gashi, ta kusa kai wa gefe da gefe. Bai karye ba. Aka ɗauke shi kamar jinjiri aka ajiye a gindin ceɗiya.

Goggo ta zo ta tsaya a kansa, tsintsiya a hannu. Ba abin da ya rage ta share. Ta zauna a kan dutsen, ta jingina da ceɗiya, da rana tsaka, a gaban kowa, barci ya ɗauke ta baki buɗe. Inna ta sa yatsa a leɓe ta kore yara. Ko da yayyafin farko ya fara sauka, mayafi aka rufa mata, ba a tashe ta ba.

Ta koma Salka bayan arba'in. Bayanta bai miƙe ba, hannun ma yana nan yana rawa. Duk kwanakin ba ta yi mini magana ba sai ta aike. Ni na ɗaukar mata ƙulli zuwa tasha. Har ta sa ƙafa a mota ta juyo, ba ta kalle ni ba.

"Ke. Tsakaninki da Allah, shi ya faɗa, ko ke kika tsara?"

"Shi ya faɗa, Goggo."

"Da sunana?"

"A'a. Waccan ya ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza.

"To, shi ne," in ji ta.

Allah Ya sauke masa duk abin da ya ɗauka, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi zaman da bai yi ba a duniya. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu idon ganin wanda ba ya kuka. Amin.